Amarya Mai Gashin Baki

A garinmu in aka ce Sabino sai an tambaya wanne, don Sabino huɗu muka yi a layi ɗaya. Amma in aka ce Amarya, ko ɗan da ke goye ya san baduku ake nufi, mai shago a bayan coci. Ƙato ne, wuya kamar na bijimi, gashin baki kamar tsintsiyar murhu, hannuwa baƙi ƙirin da ƙaron da yake murza wa zaren ɗinki, sabulun duniya bai fitar da shi ba har aka binne shi. Shi ne Amarya, shekara talatin da takwas yana amsa sunan.

Badujalar gari ce ta ja masa. Mu talakawan kudancin Italiya ina muka ga gidan wasa? Wasannin waƙa da masu hali ke sa safar hannu su je kallo a Napoli da Bari, mu a dandali suke iske mu ranar bikin waliyyi, a bakin masu busa. Babu mawaƙi, babu labule, babu kalma ko ɗaya. Kowa na cikin wasan an ba shi ƙahonsa: babban ƙaho mai gurnani shi ne uba, matsakaici shi ne saurayi, ɗan ƙaramin nan kuwa da bai kai kamu ɗaya ba shi ne macen. Ƙaramin a hannun Sabino yake. In ya miƙe a rumfa cikin kwat mai maɓallin tagulla ya kai shi baki, sai ka rantse budurwa ce 'yar sha takwas ta shiga cikin tagullar ta ƙi fita. Sunansa ma bai iya rubutawa ba, da gicciye ya sa hannu ranar aurensa, amma ɗige-ɗigen nan na takardar kiɗa masu kama da tururuwa a kan igiya yana karanta su kamar ya haife su.

Wasanni da yawa suke busawa, amma guda ɗaya ne nasa, na 'yar mai gidan ganuwa a bakin teku. Shugaban badujala, Maestro Ruggero, wani ɗan gajere mai zuciya a kusa wanda ya yi karatu a Napoli kuma bai bar kowa ya manta ba, duk bazara kafin a fara gwaji sai ya ba su tarihinsa. Wai wanda ya tsara shi ɗan talaka ne daga arewa, cikin sati shida ya rubuta shi yana tari, bai kai arba'in ba ya mutu. Wai ranar da aka fara yin sa a Napoli ihu da fito aka yi masa har ya sulale ta ƙofar baya, rana ta uku sarki ya zo ya tafa, sai kowa ya tuna ashe wasan da daɗi. Daga nan ya zaga duniya, aka manta da shi shekara talatin, wata mawaƙiya ta sake tono shi. Duk wannan Maestro zai faɗa, har da launin rigar sarki. Abin da ya faru da yarinyar a ciki ne kawai ba ya faɗa. In wani ya tambaya sai ya buga sanda a tebur ya ce, "Busa aka ce ka yi ko gulma?"

To, mutanen da ba a ba labari ba ai sai su ba kansu. Wani da ya taɓa zama a Amurka ya ce saurayin yarinyar yaƙi ya tafi a ƙetaren teku, sauran kuma kunne ya ƙarasa mana. Can kusa da ƙarshe akwai wurin da duk ƙahoni ke yin tsit a bar ƙaramin shi kaɗai, ya yi ta tsalle-tsalle, ya hau ya sauko, ya yi kamar dariya, ya yi kamar mace tana gyara gashi da sauri don an ƙwanƙwasa ƙofa. Kurma ma ya san abin da ke nan: yaron ya dawo, ta hango shi daga kan ganuwa. Bayansa badujala ta ɗauka gaba ɗaya da ƙarfi, muka ce wannan ƙararrawar ɗaurin aure ce. Shi ya sa ba a yi auren da ya amsa sunansa a garin nan ba a kira Sabino ya busa wa amarya wannan wurin a ƙofar coci ba. Ko lira ɗaya ba ya karɓa, sai dai alewar biki a aljihu.

Matarsa Palmina mace ce ƙarama, ba ta da yawan magana, irin waɗanda in sun yi shiru ka fi jin su. Tun daga watan Mayu har Oktoba mijinta ba nata ba ne, na badujala ne: a loda su a motar kaya kamar buhunan wake, gari zuwa gari, su kwana a ƙasan ajin makaranta, su wanke safa a famfon dandali. Ita ke riƙe da gida, ita ke tara takalman mutane a buhu har ya dawo. 'Ya'ya uku suka haifa, biyu ba su yi rai ba. Donato ne ya tsaya, dogo kamar uban, shiru kamar uwar. A shekarar arba'in da biyu, ana tsakiyar yaƙin duniya, aka sa masa kaki aka tura shi Rasha. Wasiƙa biyu ta zo, fada, limamin cocinmu, ya karanta musu, ta biyun yana neman safar ulu. Daga nan shiru. Ba a ce ya mutu ba, ba a ce yana raye ba. Waɗanda aka aiko wa takardar mutuwa sun sa baƙi sun yi kukansu sun huta. Palmina ko baƙin ba ta da ikon sawa.

Sabino bai ƙara furta sunan yaron ba. Maƙwabta suka ce zuciyarsa fatar tafin takalmi ce. Ba su sani ba. Da aka gama yaƙi badujala ta farfaɗo, busarsa ta ƙara daɗi har mutanen wasu garuruwa na hawa keke su biyo su. Abin da ke faruwa shi ne, duk sanda ƙahoni suka yi tsit aka bar shi, in ya lumshe ido kwanar layinsu yake gani, da wani dogo yana shawo ta da jaka a kafaɗa. Tunda a wasan an dawo, kuma mai ilimi ne ya rubuta, har sarki ya tafa, to ana dawowa ke nan. Da wannan ya rayu shekara goma sha ɗaya.

Sai haƙori ya shiga tsakani. Na gaba ne, na sama, daidai inda bakin ƙaho ke zama. Da kaka ya fara girgiɗi, kafin Kirsimeti ya kumbura masa leɓe. Ya je wajen Oronzo wanzami, abokinsa tun suna yara, wanda shi ke busa babban ƙahon uba, shi ya sa yake kiran Sabino 'yata.

Oronzo ya leƙa bakin ya ja tsaki. "'Yata, wannan ya gama aiki. Zauna in ɗauko awartaki."

"Ka taɓa shi in karya maka hannu."

"Ji min yarinya marar kunya! Ubanki kike faɗa wa haka? Ruɓa yake yi, Sabì. Ka bar shi ya ci maka muƙamuƙi, sai mu ga da me za ka tauna waken Palmina."

"In ya fita, na sake busa?"

Oronzo ya tsaya yana goge aska a fata, ya daɗe yana gogewa. "Miya dai za ka iya busawa in ta yi zafi."

"To ba yanzu ba."

"Sai yaushe? Sai Fafaroma ya yi aure?"

"An ce suna yin wasan a Bari, cikin Fabrairu. Da mutane, da riguna, da komai." Sabino ya sunkuyar da kai yana murza hula. "Shekara talatin da takwas ina murnar dawowar yaron nan, Orò, ban taɓa ganin fuskarsa ba. Ina so in ga shigowarsa da idona. In na gani, ka cire har da na ƙasa."

Oronzo ya buɗe baki zai yi wasa, ya dubi fuskar abokinsa, ya mayar da wasan ciki. Shi ma bai taɓa ganin wasan ba, bai san komai ba sai gurnaninsa.

Da Sabino ya gaya wa Palmina tana tsince wake a faranti, ba ta ɗago ba. Ta ce, "Bari? Kai da ko Lahadi sai an ja ka kake ɗaura taye a wuya?"

"Da ke za mu."

"Ni me na ajiye a can? Na ji shi sau dubu ta bangon ɗaki, har kaji sun haddace."

"Ji daban, Palmì. Gani ya kori ji."

Ta ƙarasa tsince waken farantin. Sannan ta ce, "Ka je kai kaɗai su sace maka hula a tasha? Zan je." Kashegari ta fito da rigar cocinta ta shanya a rana.

Akwai wasan da ake yi ranar Lahadi da ƙarfe uku na yamma, don mutanen ƙauye su sami jirgin komawa. Shi suka je. Palmina ta ƙulle gurasa da cuku da busasshen ɓaure a tsumma kamar masu tafiya Amurka. A gidan wasan aka nuna musu wata ƙofa ta gefe, ba ta masu safar hannu ba, suka yi ta hawan bene har Palmina ta ce in an ƙara hawa ɗaya sai ta gaida iyayenta a lahira. Can ƙololuwa suka zauna a benci, kansu na kusan taɓa rufi, mutanen ƙasa kamar ƙwayoyin zaitun a kwando. Kusa da Sabino wani tsoho ne ɗan birni, siriri, da gyale a wuya, irin waɗanda suka ga wasa sau hamsin don kawai su ce na bara ya fi.

Aka kashe fitilu, kiɗa ya tashi. Sabino ya ji goge iri-iri inda ya saba jin tagulla, abin ya yi masa laushi kamar gurasar masu kuɗi, amma kowace gaɓa ya santa. Yatsunsa uku na dama suka fara motsi a kan gwiwa. Da labule ya buɗe yarinyar ta fito, sai ga mace mai jiki, a shekaru ta isa ta haifi wadda yake gani a ransa. Ya ɗan ji ba daɗi. Tana buɗe baki ya manta. Ashe inda shi yake jan numfashi ita ba ta ja, inda yake takawa da ƙarfi ita shafawa take yi ta wuce. Kalmomin kuwa ko ɗaya cikin goma bai kama ba, Italiyancin littafi ne, an kuma ja shi kamar taliya. Amma ido ya isa. Ga saurayin nan da takobi, ga sallama a bakin ganuwa, ga uban yana ta kai da kawo. Ya zunguri Palmina ya raɗa mata, "Ga Oronzo can, har tumbin."

A kashi na biyu wani ya shigo a guje, jiƙe sharkaf, ya ajiye mayafi da karyayyen takobi a gaban uban. Yarinyar ta ƙwalla ƙara ta faɗi. Sabino bai damu ba, ya san wurin, nan ne matsakaitan ƙahoni ke yin duhu. Ya ce wa Palmina, "Ƙarya aka kawo musu. Ki jira."

Tsohon birni ya juyo ya dube shi sama da ƙasa. "Wace ƙarya kuma, maigida?"

"Ta mutuwar. Ai yana nan tafe."

"Wa?"

"Yaron mana."

Tsohon ya yi wata 'yar dariya ta hanci. "Daga wane gari aka sako ku?"

"Daga garin da aka san wasan nan tun kana tsumman goyo," in ji Sabino. Wani a baya ya ce a yi musu shiru, suka yi.

Kashi na uku ya zo. Ga ganuwa, ga teku an zana a ƙyalle, babu ko kwalekwale a kai. Mutane cike da dandamali, duk da baƙaƙen kaya. Kiɗa ya yi tsit daidai inda yake yin tsit. Sabino ya matso gaba ya kama ƙarfen da ke gabansa. Sai ga ta ta fito ba takalmi, gashi a warwatse, da farar rigar barci, ta hau matakalar ganuwa tana dariya. Ta fara. Shi ne, wurin nasa ne, tsalle-tsallen nan, hawa da saukar nan. Tana ɗaga hannu wa teku, tana gyara gashi da sauri, tana jan hannun wannan tana jan na wancan tana nuna musu ƙofa su buɗe. Sabino ya kafa wa ƙofar ido. Ƙofa ce babba ta katako a hannun hagu. Ya san ƙidayar: saura gaɓa goma sha shida, saura takwas. Ya ga uban ya rufe fuska da hannu. Ya ga matan sun juya baya suna share ido. Ya ce a ransa, don ba su hango shi ba ne tukuna, ita ce a sama. Saura huɗu. Ta sauko a guje ta buɗe hannuwa ta rungumi iska a tsakiyar dandamali, ta kwantar da kai a kafaɗar da babu, ta ja muryar nan ta ƙarshe da shi yake ja har mata su yi guɗa. Sannan ta sulale ƙasa. Kiɗa ya ɗauka gaba ɗaya da ƙarfi, ƙararrawarmu ta ɗaurin aure, mutane suka durƙusa kewaye da ita. Labule ya sauko. Ƙofar ba ta ko motsa ba.

Gida ya ɗauki tafi kamar rufi zai faɗo. Sabino na nan riƙe da ƙarfe. Ya juya wajen tsohon ya ce, "Saura kashi nawa?"

"An gama, maigida."

"Bai shigo ba."

"Ina zai shigo, yana ƙasan teku tun ɗazu? Hankalinta ne ya gushe, ba ka gani ba? Shi take gani, babu kowa." Tsohon ya so ya ƙara wata baƙar magana, sai Palmina ta leƙo ta bayan mijinta ta yi masa kallo ɗaya, ya haɗiye ta ya shiga gyara gyale.

A jirgin komawa rana na faɗuwa a bayan gonakin zaitun. Palmina ta kwance tsumma ta miƙa masa gurasa, bai karɓa ba. Da suka wuce tasha ta biyu ya jefo mata tambaya.

"Aure nawa na busa wa wannan abin?"

"Ka ci gurasa."

"Ɗari uku? Haukar mace da mutuwarta na yi ta busa wa 'ya'yan mutane a ƙofar coci, suna ba ni alewa." Ya dube ta. "Ke ba ki ko yi mamaki ba."

"Mamakin me?"

"Kin sani? Wa ya gaya miki?"

"Wa zai gaya min, ni da ban san Napoli ba?" Ta karya ɓaure gida biyu. "Wadda nata ya dawo ba ta tsayawa waƙa, Sabì. Gudu take yi ta ɗora tukunya. Wannan doguwar murnar, a yi ta hawa ana sauka ba a isa ba, ta wadda ke tsaye a bakin hanya ce. Ni na san ta."

"A ina kika san ta?"

Ta dubi taga. "Duk bazara in kun tafi, jirgin ƙarfe biyar ba ya wuce ni. Ina sauka tasha in tsaya a bayan shingen. Wani lokaci wani dogo ya sauko, in ga tafiyarsa ce sak, har na taɓa ɗaga hannu. Mai tasha ya saba, kujera yake ajiye min."

Duk shekarun nan suna kwana a gado ɗaya, bai san da wannan ba. Garin duka ya sani, don garinmu ko kaza ta yi tari sai an ji, amma babu wanda ya ga dalilin gaya wa mai zuciyar fatar takalmi. Ya dubi ɓauren da ke hannunta. Sannan ya ce, "Donato ba ya son ɓaure." Palmina ta ce, "Yana so. Kai ne ba ka so."

Da sassafe ya dira ƙofar Maestro Ruggero, ya same shi da rigar barci yana shan kofi.

"Ka sani, Maestro."

Maestro bai tambayi me ya sani ba, an riga an gaya masa wanda aka gani a jirgin Bari. Ya ce, "Na sani. Littafin wasan na cikin akwatina."

"Shekara talatin da takwas kana kallona ina abin kunya."

"Abin kunya? Na ji masu ƙaramin ƙaho goma sha biyu a wannan wurin, duk sun san labarin, duk kuka suke yi da shi kamar an taka wa kyanwa wutsiya. Ita yarinyar ta san ya mutu ne? Murna take yi tsakaninta da Allah. Kai kaɗai ka yarda da ita. In gaya maka in ɓata abina?"

Maestro dai bai taɓa rasa amsa ba, ko gobara ya tayar sai ya ce don a ji ɗumi ne. Sabino ya ce, "Abinka." Ya sa hula ya fita, bai rufe masa ƙofa ba.

Ga shi kuwa Asabar ɗin nan, ta ƙarshe kafin azumi, akwai auren Nunziatina 'yar mai gidan burodi, an riga an roƙe shi tun kaka. Ya ce ba zai je ba. Palmina ta ce, "Uwarta ka busa wa, yayarta ka busa wa, duk ga su nan da 'ya'yansu, ba wadda ta haukace sai dai ta haukata miji. Ita ce za a ce Amarya ya ƙi? Ka tashi ka goge ƙahonka."

Ya je. Aka fito daga coci da hantsi ana watsa alewa, ya tsaya a kan matakala ya kai ƙaho baki. Gaɓoɓin duk suna nan, ko ɗaya bai kuskure ba. Ya lumshe ido yadda ya saba ya nemi kwanar layin, ya same ta, babu kowa a kanta. Ya yi ƙoƙari ya sa dariyar nan, ta fito a hankali, tana jan ƙafa. Inda mata ke guɗa ba wadda ta yi. Amarya Nunziatina ta fashe da kuka ba ta san dalili ba, uwarta ta ce ai kowace amarya sai ta yi. Mutane suka ce haƙorin ne, wayyo, dubi leɓensa. Ya bar su a kan haƙorin.

Ranar Litinin ya shiga shagon Oronzo ya zauna a kujera ba a ce masa zauna ba.

"To 'yata, kin ga angon naki? Kyakkyawa ne?"

"Ɗauko awartakinka."

"Ka ba ni labari mana. Ni uban yaya nake? Na ba da ita da daɗin rai?"

Sabino ya dube shi. Oronzo na da sauran shekaru a badujala, kuma gurnaninsa na ƙarshen wasan da alfahari yake yin sa, na uban da ya aurar da 'ya. Ya ce, "Kana nan da tumbinka. Cire."

Cirewar ba ta ɗauki lokaci ba, haƙorin da ma kunya ce ta riƙe shi. Oronzo ya ba shi auduga da ɗan giya mai zafi ya kurkure, ya juya baya ya daɗe yana wanke awartakin da ya riga ya fita. Ƙaramin ƙaho kuwa da bazara Maestro ya ɗauko wani daga wani gari ya ba shi, mai karatu, ya san labarin sarai. Mata suka ce ya iya, amma ba sa kiran sa aure.

Watan Mayu ya kama, motar kaya ta zo dandali aka loda badujala. Karo na farko tun yana saurayi Sabino na tsaye a ƙofar shago yana kallon ƙurarsu. Ya koma ya zauna ya buga ƙusa uku, ya cire biyu. Wajen huɗu da rabi ya ji motsin Palmina a ciki, ta fito da gyale a ka da kwando a hannu kamar mai zuwa sayen ganye. Ta ce, "Zan ɗan leƙa ƙasa."

Ya ajiye guduma ya cire fatar da ke ɗaure a ƙugunsa. "Jira in ɗauko hula."

"Kai kuma ina za ka? Ga takalmin fada tun sati biyu."

"Ya yi wa'azi da ɗaya."

Suka gangara tare, shi a gaba da faɗinsa, ita a baya tana ce masa ya rage sauri, jirgin bai taɓa zuwa kan lokaci ba tun da aka kafa shi. Mai tasha ya hango su, ya shiga ciki ya fito da kujera ta biyu. Sabino ya ƙi zama. Ya tsaya a bakin shinge ya sa hannu ya kare rana, ya tambaye ta ta wane tarago sojoji suka fi saukowa. Ta ce babu tabbas, amma ita na baya ta fi sa wa ido, don yaron bai taɓa son cunkoso ba. Ya matsa can ƙarshen shingen inda zai fi ganin bayan.